Korosol A Tsakar Gida: Shin Zai Rayu A Shagwa?

Duk wanda ya saba ratsa kasuwar Dembe ko babbar kasuwar Njamena, wataƙila ya taɓa ganin wani ɗan itace kore, mai ƙaya-ƙaya a jiki kamar bushiya, an ajiye shi guda biyu ko uku a gefen teburin mai sayar da abarba da ayaba. Ba ya zuwa da yawa, kuma ba ya daɗewa. In ka taya shi aka faɗa maka kuɗinsa, sai ka tuna cewa kuɗin nan ya isa ya saya wa yaran gida tulin mangwaro, ka yi gaba abinka. Sunansa da Faransanci korosol. Wasu 'yan'uwanmu a Najeriya suna ce masa tuwon biri. Idan ya nuna aka fasa shi, cikinsa fari ne fat kamar auduga, ga laushi, ga ƙamshi, ɗanɗanonsa kuwa zaƙi ne da ɗan tsami-tsami, kamar an dama abarba da nono.

Abin da ya sa yake tsada a wurinmu ba boyayye ba ne. Daga nesa yake zuwa, ko dai daga Kamaru ta Kusiri a ƙetaro da shi gadar Ngeli, ko kuma daga kudancin ƙasar nan. Ga shi kuma ba ya jure tafiya, domin da zarar an tsinke shi, kwana uku zuwa biyar ya yi laushi, in aka ƙara kwana biyu a kan haka ya zama na zubarwa. Saboda haka ne a 'yan shekarun nan magidanta da dama a Shagwa da Abena da Atron suke tambaya, shin ba za a iya dasa shi a gida a huta ba? Amsar ita ce ana iyawa, amma ba irin dashen da muka saba yi wa darbejiya ba, wadda za ka soka a ƙasa ka kewaye ta da ƙaya ka manta da ita. Wannan baƙo ne a ƙasarmu, kuma baƙo mai son a lallaɓa shi.

Asalinsa da danginsa

Korosol ba ɗan Afirka ba ne. Asalinsa yankin Amurka mai zafi da tsibiran Karibiyan, kuma tun a 1526 wani marubuci ɗan Sifen mai suna Oviedo ya bayyana shi a cikin rubutunsa kan waɗannan ƙasashe. Jiragen ruwan Turawa ne suka yaɗa shi zuwa gaɓar Afirka da Asiya. Masana tsirrai suna kiransa Annona muricata. Itace ne matsakaici, tsawonsa yakan kai mita 5 zuwa 8, ganyensa kore ne mai sheƙi, in ka murza shi yana da wani ƙamshi mai ƙarfi. Ɗansa ɗaya yakan yi kilo 1 zuwa 4, wani ma ya fi haka.

Amma fa ko da yake baƙo ne, yana da dangi a nan. Mai karatu da ya tashi a ƙauye ya san gwandar daji, wadda 'ya'yanta suke yin rawaya in sun nuna, yara da makiyaya suna rububinta a jeji. To ita da korosol gidansu ɗaya, sunanta a wurin masana Annona senegalensis. Akwai kuma na ukunsu, wanda Faransawa suke kira pom kanel, mutanen Kano kuma suna ce masa fasadabur. Ɗansa bai wuce dunƙulen hannu ba, jikinsa ƙullutu-ƙullutu ne ba ƙaya. A riƙe sunan wannan na ukun, domin zan dawo kansa.

A duk lokacin da nake koya wa 'yan aji shida taswira, nakan nuna musu cewa Njamena da Kano suna kan layi ɗaya ne, wato wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Sai dai Kano ta fi mu samun ruwan sama. Abin da muke samu a shekara a nan bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Mundu da Sar suna samun wajen ninki biyu na wannan. Shi kuwa korosol yana son ƙasar da ruwanta ya haura milimita 1,000, iskarta kuma tana da laima yawancin shekara. Ke nan mai dasa shi a Shagwa ya ɗaukar wa kansa alkawarin cike wannan giɓi da hannunsa har wata takwas a kowace shekara. Wanda ya san gidansa ba famfo ba rijiya, ruwan sha ma sai an saya a wurin 'yan kura, to shawarata ya haƙura da wannan itace tun yanzu, kada ya jefa iyalinsa cikin wahala a kan abin marmari.

Ƙasar Shagwa

Mutane da yawa suna zaton fari ne babban abin da yake kashe dashen korosol a garin nan. Fari yana kashewa, amma ruwa ma yana kashewa, kuma shi ne wanda ba a yi masa shiri. Wurare da dama a wannan sashe na gari ƙasarsu laka ce mai danƙo, irin wadda ake noman masakwa a cikinta, wato dawar da a nan ake kira berbere. Da rani ta bushe ta tsattsage har ka sa hannu a ciki, da damina kuma ta riƙe ruwa kamar kwano. Kowa ya san yadda lungunanmu suke zama a watan Agusta, sai an naɗe wando. Saiwar korosol ba ta nitsewa ƙasa sosai, a sama-sama take bazuwa, kuma in ruwa ya kwanta mata na 'yan kwanaki sai ta ruɓe. Za ka ga ganye ya yi rawaya ya langaɓe, ka ce ƙishi yake ji, ka ƙara masa ruwa, alhali kuwa ruwan ne yake shaƙe shi.

Saboda haka kafin ka sayi dashe, ka gwada ƙasar gidanka. Haƙa rami mai zurfin santimita 60, faɗinsa ma haka, ka cika shi da ruwa da yamma. In gari ya waye ka tarar ruwan ya tsotse, to ka yi sa'a, kana iya dasawa a nan. In kuwa ka tarar da shi yana nan kwance har azahar, kada ka dasa a cikin ramin ko da ka cika shi da taki mai kyau, domin ka gina wa itacen tukunya ce kawai wadda za ta tara masa ruwa. Abin yi shi ne tudu. Ka haɗa ƙasar wurin da yashin kogi da tsohon taki wanda ya riga ya ruɓe, kashi ɗaya-ɗaya, ka tara su su yi tsayin santimita 40 zuwa 50, faɗin kuma kamar mita ɗaya da rabi, ka kewaye da jan bulo don kada ruwa ya zaizaye. A bisa wannan tudu za ka dasa. Kada a yi amfani da sabon kashin shanu ko na kaji, yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara.

Ba sai an tuna wa mutanen bakin Shari abin da ya faru a 2022 ba, lokacin da kogin ya haura mita 8, ruwa ya mamaye Waliya da Tukura a ƙetaren gada, dubban mutane suka bar gidajensu. A 2024 ma ruwan ya sake cika. Irin wannan ambaliya ba tudun da zai ceci itace daga gare ta. Amma ruwan da yake kwanciya a tsakar gida na kwana biyu ko uku bayan babban hadari, wanda shi ne muke fama da shi kowace shekara, tudu yana maganinsa.

Wurin da za a ajiye tudun ma abin dubawa ne. A watan Afrilu zafin rana a Njamena yakan wuce digiri 40 kusan kullum, kuma ranar da ta fi ƙona ganye ita ce ta bayan azahar. Don haka a nemi gefen da katanga ko ɗaki zai tare wa itacen rana ta yamma, ya sami ta safe kawai. Da hunturu kuma iskar arewa maso gabas ce take busowa, busasshiya mai ƙura. Sanyinmu bai kai ya kashe korosol ba, domin sai an sauka ƙasa da digiri 5 yake cutuwa, mu kuwa ba ma kaiwa nan. Bushewar iskar ce take karkaɗe masa ganye. Zana ɗaya da aka kafa ta wannan gefe, da 'yar rumfar kara a bisa kansa a shekara biyun farko, sun isa. Kuma kada a dasa shi kusa da darbejiya wai don ya sha inuwa. Saiwar darbejiya takan bi danshi ta zo ta shanye duk ruwan da ka zuba.

A gidajenmu na Hausawa akwai wani wuri da ba a rasa danshi a cikinsa, wato inda ake alwala. In aka gyara magudanar wurin ta bi ta gindin tudun, ruwan da ake zubarwa sau biyar a rana ya rage maka rabin aiki. Ruwan wanki mai omo da na wanke-wanke mai mai kuwa a nisanta su. Wata dabarar kuma tsohuwa ce: a binne tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba a gefen dashen, bakinsa a waje, a riƙa cika shi ana rufewa. Ruwan zai riƙa tsatsafowa a hankali zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a kan tudun, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da jikin itacen saboda gara. Da bazara ƙaramin dashe yana buƙatar ruwa kowace rana, da sassafe ko bayan la'asar. Da damina kuwa a ɗauke hannu sai in an yi kwanaki ba ruwa.

Game da iri, ba sai ka wahala ba. Ɗa ɗaya da ka saya a kasuwa yana ɗauke da baƙaƙen ƙwallaye masu yawa. Ka wanke su, ka zubar da waɗanda suka taso saman ruwa, ka shuka sauran ba tare da jinkiri ba, domin in suka daɗe a ajiye ƙarfinsu yana raguwa. Zurfin santimita 2 ya isa, a cikin tsohon gwangwanin tumatir babba da aka huhhuda ƙasansa, a ajiye a inuwa. Cikin kwana 15 zuwa 30 za su tsiro. A bar su a gwangwani har su kai tsawon kamu biyu, sa'an nan a dasa a farkon damina, ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, don su kafu kafin hunturu. Wanda aka shuka daga ƙwallo yakan fara 'ya'ya bayan shekara 3 zuwa 5. Mai aure ya fi sauri, in ka sami mai sayar da dashe da ka amince da shi. Ka duba gaɓar auren da idonka kafin ka biya.

Fure ba 'ya'ya

Yanzu mun zo wurin da masu haƙuri ma suke karaya. Mutum ya yi shekara huɗu yana ɗawainiya, itace ya girma ya yi kyau, ya fara fure, fure masu kauri launin rawaya-kore suna fitowa a reshe har ma a jikin kututture, amma duk sai su bushe su zube, ko ɗa ɗaya babu. Daga nan sai a fara cewa namiji ne, ko kuma an yi masa baki, wani ma ya ɗauko gatari.

Korosol ba shi da namiji da mace daban kamar gwanda ko dabino. Kowane fure yana ɗauke da ɓangaren mace da na namiji a cikinsa, sai dai ba sa shiryawa lokaci ɗaya. Na mace ne yake fara shiryawa, tun furen bai gama buɗewa ba, za ka ga tsakiyarsa tana da danshi mai yauƙi. Sai daga baya na namiji ya saki garinsa, a lokacin kuwa na mace ya riga ya wuce. Ke nan fure ba ya iya yi wa kansa barbara yadda ya kamata, sai an ɗauko gari daga wani fure an kawo masa. A ƙasarsa ta asali wasu ƙwari ne dangin buzuzu suke wannan aiki da dare. Ƙudan zuma ba ya iyawa, domin bakin furen a tsuke yake. A wurinmu waɗannan ƙwari ba su wadata ba, ga kuma busasshiyar iska da take ƙafar da danshin nan kafin wani gari ya iso.

Maganin abin shi ne ka zama ƙwaron da kanka, kuma wannan ba baƙon aiki ba ne ga wanda ya san yadda mutanen Faya suke hawa dabino suna sa masa garin namiji da hannu. Da la'asar ka zaga itacen ka nemi furen da ya buɗe sosai, wanda ganyayensa suke shirin zubewa. Ka tsinke shi ka sa a cikin ambulan na takarda, ba leda ba, ka ajiye a ɗaki. Da safe za ka ga gari mai launin ƙasa-ƙasa ya zuba a ciki. Sai ka ɗauki ɗan burushin zane irin na 'yan makaranta, ko gashin kaza, ka nemi furen da ya fara buɗe baki, ka buɗa shi a hankali da yatsa, ka shafa garin a kan tsakiyar nan mai yauƙi, ko'ina ya samu. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin in gefe ɗaya kawai ya samu, ɗan zai fito a karkace, rabi cike rabi a tsotse. Furen da ya fito a reshe mai kauri shi ya fi cancanta, saboda siririn reshe ba ya ɗaukar nauyin kilo uku. Kuma aikin ya fi kamawa a lokacin da iska take da laima, wato daga faɗuwar ruwan farko zuwa Satumba. Furen watan Maris kuwa, a ganina, ɓata lokaci ne a bi ta kansa.

Yara suna son wannan aiki ƙwarai. Darasin sassan fure da muke zanawa a allo suna haddacewa ba su gane ba, yaron da ya yi shi da burushi sau ɗaya ba ya sake mantawa.

Daga barbara zuwa nuna akan ɗauki wata huɗu zuwa shida. A cikin wannan lokaci a sa ido kan wasu fararen ƙwari masu kama da auduga da suke manne wa ɗan, waɗanda kiyashi yake kiwo saboda zaƙin da suke fitarwa. Ruwan sabulun wanki na gargajiya kaɗan da tsumma yana cire su. Akwai kuma ƙudan da yake huda 'ya'yan itace ya sa tsutsa, wanda wani nau'insa daga Asiya ya bayyana a Kenya a 2003 ya bazu a Afirka, masu mangwaro sun san ɓarnarsa. Tun ɗan yana kamar ƙwan kaza a sa masa riga ta tsohon gidan sauro a ɗaure. Idan korensa ya fara dusashewa, ƙayoyin suka yi nesa da juna, to a yanke shi da wuƙa tun yana da tauri, a bar shi ya yi laushi a ɗaki. In aka jira ya nuna a bisa, ko jemage ya riga ka, ko ya faɗo ya fashe.

Maganar magani

Dole in taɓo wani abu da na san ba kowa zai ji daɗinsa ba. Da yawa daga masu neman dashen korosol ba don ɗansa suke nema ba, don ganyensa ne. Saƙonni suna yawo a WhatsApp da Facebook cewa dafaffen ganyen korosol yana warkar da ciwon daji, har wai ya fi maganin asibiti ƙarfi. Gaskiyar abin da aka sani shi ne, a ɗakin gwaji an ga wasu sinadarai na wannan itace suna kashe ƙwayoyin ciwon daji a cikin kwalba. Amma abin da ya yi aiki a kwalba daban, abin da ya warkar da mutum daban, kuma babu wani gwaji a kan marasa lafiya da ya tabbatar da cewa yana warkarwa.

Bugu da ƙari akwai abin tsoro. A tsibirin Gwadalup, inda mutane suka saba shan wannan ganye kamar shayi, wata likitar ƙwaƙwalwa mai suna Dominique Caparros-Lefebvre ta lura da yawan masu wata irin cutar makyarkyata da sandarewar jiki wadda ba ta jin maganin da aka saba bayarwa. A 1999 ita da abokan aikinta suka buga bincikensu a mujallar likitoci ta The Lancet, inda suka nuna cewa mafi yawan waɗannan marasa lafiya sun daɗe suna cin 'ya'yan wannan dangin itace da shan ganyensa. Daga baya aka gano wani sinadari a cikinsa mai suna anonasin wanda yake lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a gwajin dabbobi. A 2010 hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa ta duba maganar, ta ce hujjojin ba su kai a yanke hukunci ba, amma ta nemi a ci gaba da bincike. To tunda masana ba su gama ba, mai hankali ba zai mai da tafasasshen ganyen nan abin shan safe da yamma ba. Shan ɗansa jefi-jefi a lokacinsa, kamar yadda ake shan kowane ɗan itace, wannan daban ne, yana ma da bitamin C, kodayake bai kai lemo ba. Ƙwallayen kuwa guba ne, a cire su kafin a dama wa yara, kada a niƙa da su, kuma garinsu kada ya shiga ido. Babbar asarar ita ce uwa ko uba su ji ƙullutu a jiki, a tsaya ana dafa musu ganye wata shida, sai abu ya ci ƙarfi sa'an nan a ɗauke su zuwa asibiti.

Na ce zan dawo kan fasadabur. Wanda bai taɓa renon irin waɗannan itatuwa ba, da shi ya kamata ya fara. Ƙarami ne, bai cika wuce mita 3 zuwa 6 ba, don haka ya dace da ƙananan gidajenmu. In rani ya tsananta sai ya zubar da ganye ya yi kamar ya mutu, ruwan farko na sauka ya farfaɗo. Yana fara 'ya'ya cikin kamar shekara uku, kuma shi ma barbarar hannu tana ƙara masa yawan 'ya'ya, hanyar kuma kusan ɗaya ce, sai dai furensa ya fi ƙanƙanta. Tudu ɗaya, tulu ɗaya, zana ɗaya duk irin na korosol ne, amma in ka yi tafiya Abeshe ko Maiduguri na mako biyu yara suka yi sakaci da ban ruwa, za ka dawo ka same shi da rai. Wanda gidansa yake da fili yana iya dasa su biyun a damina ɗaya, da tazarar mita 4 a tsakani, fasadabur ta gefen rana, korosol ta gefen katanga.